Arisɗo: Malamin sarki da ya mutu yana gudun hijira, karatunsa ya iso zaurukan ƙasar Hausa

A watan Yuni na shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Sarki Iskandar na Makidoniya ya rasu a birnin Babila yana da shekara 32, bayan ya ci ƙasashe da yaƙi tun daga Girka har zuwa kwarin kogin Indus. Da labari ya isa birnin Atina, sai gari ya ɗauka. Mutanen da suka shafe shekara 15 suna haɗiye fushi a ƙarƙashin ikon Makidoniya suka fara shirin tawaye, kuma kamar yadda aka saba duk lokacin da iskar mulki ta juya, aka shiga lissafin waɗanda suka raɓi manya. Cikin sunayen da suka fito har da na wani dattijo ɗan shekara 61, mai makaranta a bayan ganuwa, wanda bai taɓa riƙe muƙami ba, ba shi ma da ikon jefa ƙuri'a a garin. Shi ne ya karantar da Iskandar yana yaro, kuma Antifata, wakilin da Iskandar ya bar wa riƙon ƙasar Girka, amininsa ne. A takardar ƙara kuwa ba a ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. An tuhume shi ne da wulaƙanta addinin gari, saboda wata waƙar yabo da ya yi wa surukinsa shekaru da yawa kafin nan.

Wannan dattijo shi ne wanda 'yan boko suka sani da Aristotle, malaman zaure kuma suke kira Arisɗo ko Arisɗaɗalis. Masana falsafa na Musulunci sun laƙaba masa Malami na Farko. A littattafan tarihi na Larabci, ciki har da na Ibn Kasir, ana ambatonsa a matsayin wazirin Iskandar ɗan Filib, wanda Ibn Kasir ya bambanta da Zulƙarnaini na Alƙur'ani. Arisɗo bai yi wazirci ba, bai bi Iskandar yaƙi ko sau ɗaya ba. Sai dai tun daga haihuwa har mutuwa a inuwar masu mulki ya rayu, ya ci moriyarta, ya kuma biya farashinta.

Ɗan likitan fada

An haife shi a shekara ta 384 a Istajira, wani ƙaramin gari a arewacin Girka. Shekarun wancan zamani ƙasa-ƙasa ake lissafa su, don haka 384 ta riga 323. Mahaifinsa, Nikomakus, likitan Sarki Amintas na Uku ne na Makidoniya, wato kakan Iskandar. Iyayensa sun rasu yana ƙarami, wani ɗan uwa mai suna Furoksenus ya riƙe shi. Yana da shekara 17 aka tura shi Atina makarantar Aflaɗon, inda ya yi shekara 20, da farko ɗalibi, daga baya malami.

Atina gari ne mai alfahari da dimokuraɗiyyarsa, amma mai rowar zama ɗan ƙasa. Dokarsu ta tanadi cewa sai wanda uwarsa da ubansa duk 'yan asalin gari ne zai sami wannan matsayi. Baƙo mazauni yana biyan harajin zama duk shekara, ba ya mallakar fili ko gida sai da izini na musamman, ba ya shiga majalisa. Arisɗo ya yi sama da shekara 30 a Atina cikin zama biyu, duk a wannan matsayi. Ma'aikacin tarayya da ya ƙare ƙuruciyarsa a jihar da ba tasa ba, ya haifi 'ya'ya a can, sannan aka hana su takardar shaidar zama 'yan asalin jiha, ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan hali. Abin mamakin shi ne mutumin da ya fi kowa a zamaninsa nazarin ma'anar ɗan ƙasa, har ya bayyana shi da wanda ke da hannu a shari'a da riƙon muƙami, shi kansa bai cika sharaɗin ba a garin da ya rubuta hakan.

Aflaɗon ya rasu a 347, shugabancin makaranta ya koma hannun ɗan 'yar uwarsa, Isfiyusifus. Shekara guda kafin nan Sarki Filib na Makidoniya ya rushe birnin Olintus, ƙawar Atina, kuma mai zaƙin baki Dimostinis yana ta zuga jama'a a kan duk abin da ya shafi Makidoniya. Ko don an tsallake shi a gado, ko don gari ya yi wa ɗan likitan fadar Makidoniya zafi, Arisɗo ya tattara ya tsallaka teku zuwa Asos, a gaɓar ƙasar Turkiyya ta yau. Mai mulkin yankin, Hermiyas, ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya kuma aura masa Fitiyas, yarinyar da ke hannunsa.

Shekarun bakin ruwa

A Asos da tsibirin Lesbos da ke kusa ne ya yi aikin da ya raba shi da malaminsa. Aflaɗon yana ganin abubuwan da ido ke gani inuwa ce kawai ta wasu siffofi cikakku da hankali kaɗai ke riska. Arisɗo kuwa ya ga cewa siffar abu tana cikin abin ne, wanda yake son saninta sai ya sunkuya ya duba. Shi da abokinsa Tiyofarastus suka duƙufa a bakin wani babban tafkin ruwan teku a Lesbos, suna feɗe kifi, suna tambayar masunta da masu kiwon zuma da mafarauta. Littattafansa na dabbobi sun ambaci kimanin nau'i 500. Ya riƙa fasa ƙwan kaza rana bayan rana don ya ga yadda ɗan tsako ke ginuwa, ya ga ɗigon jini yana bugawa tun kwanakin farko. Ya gane cewa dolfin iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, yana kuma shayarwa, don haka ya ware shi daga kifaye. Ya bayyana wani nau'in kifin shak da 'ya'yansa ke girma a ciki haɗe da cibiya da mabiyiya, maganar da aka daɗe ana ɗauka tatsuniya ce, sai a 1842 wani masani Bajamushe, Johannes Müller, ya tabbatar da ita.

Ya kuma tafka kurakurai manya. Ya ɗauka zuciya ce mazaunin tunani, ƙwaƙwalwa kuwa aikinta sanyaya jini. Ya yarda cewa wasu ƙwari daga ruɓaɓɓen abu suke fitowa ba tare da iyaye ba, ya rubuta cewa haƙoran mata ba su kai na maza yawa ba, abin da ƙirga ɗaya a cikin gidansa zai warware. Ya kafa hujja mai kyau cewa duniya ƙwallo ce, saboda inuwarta a kan wata lokacin husufi kullum kewayayya ce, amma ya dasa ta a tsakiyar sararin samaniya, kuma girman sunansa ya sa wannan kuskure ya yi kusan shekara 1,900 kafin a ture shi.

Makarantar ɗan sarki

A 343 Sarki Filib ya kira shi ya karantar da ɗansa Iskandar, mai shekara 13. An keɓe musu wuri a Miyeza, nesa da hayaniyar fada, tare da wasu 'ya'yan manya. Karatun bai wuce shekara uku ba, domin yana da 16 uban ya bar masa riƙon ƙasa ya tafi yaƙi. Marubucin tarihi Fulutak ya kawo cewa ladan da Filib ya biya shi ne sake gina Istajira, garin Arisɗo, wanda shi Filib ɗin ne ya rushe shi da hannunsa, ya kuma mayar da mutanensa da suka watse ko aka bautar. Haka kyautar masu iko take zuwa a wasu lokuta, a mayar wa mutum abin da aka ƙwace masa, ya yi godiya.

A cikin waɗannan shekaru ne Farisawa suka yaudari Hermiyas suka kama shi, suka azabtar da shi don ya tona shirinsa da Filib, suka kashe shi. Arisɗo ya yi masa waƙar yabo, ya sa aka kafa masa abin tunawa a Delfi, wurin ibadar Girkawa. Wannan waƙa ce magabta suka ajiye har ranar da za ta yi musu amfani.

Mutane na son su ce Arisɗo ne ya ƙera Iskandar. Ayyukan ɗalibin ba su goyi bayan haka ba. Malamin yana ganin mafificin tsari shi ne ƙaramin birni da mutanensa suka san juna har su iya tantance wanda ya dace da muƙami, ɗalibin ya gina daula mai faɗin da ba ta da kan gado. Malamin yana ganin Girkawa sun fi sauran al'umma, ɗalibin ya sa tufafin Farisa, ya auri 'ya'yansu, ya naɗa su gwamnoni. Abin da aka fi tabbatarwa ya bi shi daga makaranta shi ne son waƙoƙin Homa.

A 335, bayan an kashe Filib, Iskandar ya hau gado ya kuma ragargaza birnin Tibis don ya zama darasi, Arisɗo ya koma Atina. Da yake ba shi da ikon sayen fili, sai ya kafa makarantarsa a Lisiyum, wani filin motsa jiki na jama'a mai rumfunan tattaki, abin da ya sa ake kiran mabiyansa masu tattaki, Larabawa kuma suka fassara da Mashsha'una. Da safe yana karantar da ɗalibai na kusa darussa masu wuya, da yamma ya buɗe wa jama'a. An tono kufan wurin a tsakiyar Atina a 1996.

Mai tara takardu

Abin da ya bambanta Lisiyum da sauran makarantu shi ne tara bayanai. Kafin Arisɗo ya yanke hukunci a kan mulki, ya sa ɗalibai sun tattaro tsarin mulkin birane 158, kowanne da tarihinsa da yadda ake naɗa jami'ansa. Sun tattaro sunayen waɗanda suka yi nasara a wasannin Delfi, da jerin wasannin kwaikwayon da aka yi gasa da su a Atina shekara bayan shekara. Aiki ne irin na magatakarda, marar armashi, amma a kansa masu tarihi suka dogara wajen jera shekarun Girka.

Daga cikin 158 ɗin, ɗaya kacal ya tsira, na Atina, shi ma ya ɓace ƙarnuka da yawa. An same shi a Masar, an kwafe shi a bayan takardun lissafin wata gona, kuma Gidan Tarihi na Birtaniya ya buga shi a 1891. A ciki aka ga yadda Atina ke bi da ma'aikatanta: duk wanda ya gama wa'adinsa dole ya miƙa lissafi ga masu binciken kuɗi goma da aka fitar ta ƙuri'ar sa'a, tare da mataimaka goma. Wanda kotu ta samu da sata ko karɓar rashawa zai biya ninki goma, wanda kuwa sakaci ne kawai laifinsa zai biya adadin abin da ya salwanta.

A littafinsa na Siyasa ya kasa mulki gida shida. Mulkin mutum ɗaya, na tsiraru, ko na jama'a, kowanne yana iya zama nagari idan maslahar kowa ake nufi, yana iya lalacewa idan ta masu mulkin ce kaɗai. Bai yi wa dimokuraɗiyyar Atina kallon sha'awa ba, yana ganin masu zaƙin baki na iya jan talakawa su taka doka. Abin da ya fi aminta da shi shi ne gauraye, inda masu matsakaicin hali suka fi yawa, saboda garin da ya rabu tsakanin masu dukiyar ƙin ƙarawa da waɗanda ba su da na cefane, ɓangare ɗaya raini ya iya, ɗayan hassada. Ya fifita mulkin doka a kan mulkin mutum komai nagartarsa, domin fushi da kwaɗayi suna karkatar da mutum. A babin da ya yi a kan abin da ke rushe gwamnatoci, ya nace cewa babu tanadin da ya kai a tsara dokoki ta yadda muƙami ba zai zama hanyar arziki ba. A ganinsa talaka ba ya damuwa sosai don ba a ba shi muƙami ba, har ma yakan ji daɗin a bar shi da sana'arsa. Abin da ke tunzura shi shi ne zargin cewa masu muƙami na cin dukiyar jama'a. Maganin da ya kawo ba ya da ado: a riƙa miƙa kuɗin gwamnati daga jami'i zuwa magajinsa a gaban jama'a, a ajiye kwafin lissafin a wurare daban-daban, a kuma karrama wanda ya fita da hannu tsarkakakke.

A cikin littafin nan dai ya kare bauta, ya ce akwai waɗanda halittarsu ta bayi ce, ya kuma ajiye mace a ƙasa da namiji a shawara. A nan hujjarsa ta yi rauni ƙwarai, har shi da kansa ya amsa cewa sau da yawa wanda ke cikin ƙangi kamun yaƙi ne kawai ya kai shi. Bai hana wasu malaman Sifen a ƙarni na 16 ɗaukar wannan magana su halatta abin da aka yi wa 'yan asalin nahiyar Amurka ba.

A fannin ɗabi'a, koyarwarsa ita ce nagarta da aikatawa ake samunta, kamar yadda magini ke zama magini da gini. Kowace ɗabi'a ta gari tana tsakanin wuce gona da iri da gazawa: jarumta tsakanin ganganci da tsoro, kyauta tsakanin almubazzaranci da rowa. Ya kasa abota uku, ta amfani, ta jin daɗi, da ta mutunci, ya lura cewa masu mulki sukan tara na farko da na biyu, su rasa na uku. Har bafade ya ware wa wuri a lissafinsa, wanda ke yabon komai don abin da zai samu, a gefe guda kuma mai gardama da komai wanda ba a iya zama da shi.

Ɗan uwan da ya bi sarki

Wannan rarrabewa ta zo gidansa. Ɗan uwansa Kalistinis, wanda ya tashi a hannunsa, shi ne marubucin tarihin da ya bi rundunar Iskandar. Ya fara da kambama sarki har yana jingina shi ga alloli. A 327, a yankin Balkh na Afganistan ta yau, Iskandar ya nemi a riƙa faɗuwa ƙasa a gabansa bisa al'adar fadar Farisa, wani abu mai kama da afin da ake yi wa sarakunan Hausa a da. A wurin Girkawa wannan na abin bauta ne kaɗai. Kalistinis ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa a gaban taro. Sarki ya janye umarnin, amma bai manta ba. Ba da jimawa ba aka gano wasu samarin fada na shirin kashe sarki, aka saka sunan Kalistinis a ciki. Wasu marubuta sun ce rataye shi aka yi, wasu sun ce a cikin mari ya mutu bayan watanni. Fulutak ya ruwaito cewa Arisɗo yana ganinsa gwanin magana ne marar dabara. Bayan wannan, dangantakar malami da ɗalibi ta yi sanyi, amma a idon mutanen Atina Arisɗo na nan a matsayin ɗan gidan Makidoniya.

Shi ya sa da ƙarar 323 ta taso bai jira shari'a ba. Irin wannan tuhuma ce aka kashe Suƙuraɗ, malamin Aflaɗon, da ita a 399, kuma an ruwaito cewa Arisɗo ya nuna ba zai ba Atina damar maimaita wa falsafa laifi ɗaya sau biyu ba. Ya bar makaranta a hannun Tiyofarastus, ya koma Kalkis, garin mahaifiyarsa. Mahukuntan Delfi suka soke karramawar da suka yi masa shi da Kalistinis. A cikin rijiya masu tono suka tsinci gutsattsarin allon dutsen da aka rubuta ta. Ya rasu a 322 da ciwon ciki, yana da shekara 62. A shekarar ce Antifata ya murƙushe tawayen, Dimostinis ya sha guba don kada a kama shi.

Wasiyyarsa ta tsira. Antifata ya naɗa babban mai zartarwa. Ya tanadar wa Herfilis, matar da ta zauna da shi bayan rasuwar Fitiyas, azurfa da barori da zaɓin gida a Kalkis ko Istajira. Ya ce kada a sayar da yaran da suka yi masa hidima, a 'yanta su idan sun girma gwargwadon cancanta. Ya kuma nemi a tono ƙasusuwan Fitiyas a binne su tare da shi, kamar yadda ta roƙa.

Daga rami zuwa Bagadaza

Daular Iskandar ta tarwatse a hannun kwamandojinsa cikin 'yan shekaru. Littattafan da Arisɗo ya goge ya fitar wa jama'a su ma sun ɓace. Abin da ya rage, kimanin littattafai 30, yawanci takardun darasi ne, shi ya sa karatunsu ke da gargada. Masanin ƙasa Istarabo ya ce magada sun ɓoye su a wani rami a garin Iskebsis, danshi da asu suka ci rabonsu, daga baya aka sayar da su zuwa Atina, Janar Sulla ya kwashe su zuwa Roma bayan ya ci garin a shekara ta 86, sannan Andironikus ya jera su.

Malaman Kirista masu harshen Suriyanci suka riƙe sashen manɗiƙi, daga hannunsu ya shiga Larabci a zamanin Abbasiyawa. Halifa Mahadi ya sa aka fassara masa littafin Arisɗo na dabarun muhawara, Hunainu ɗan Ishaƙ da ɗansa Ishaƙ suka fassara wasu da dama. Farabi, wanda ya rasu a 950, ya sami laƙabin Malami na Biyu, Ibn Sina ya gina nasa gini a kan harsashin. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yaƙi masana falsafa a kan mas'aloli 20, ya kafirta su a uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa sanin Allah bai shafi ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jikkuna. Amma ya ware manɗiƙi ya ce ma'auni ne da ba ruwansa da addinin wanda ya ƙera shi, har ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu, Almustasfa, da shi. Ibn Salah da Nawawi sun haramta shi, Ibn Taimiyya ya rubuta raddi mai tsawo. A Andalus, alƙalin Kurɗuba Ibn Rushd, mai Bidayatul Mujtahid da malaman Malikiyya suka sani, ya yi sharhin Arisɗo bisa buƙatar Halifa Abu Yaƙub Yusuf, sai ɗan halifan ya kore shi a 1195 aka ƙona wasu littattafansa. Sharhin nasa ne ya taimaka wa jami'o'in Turai fahimtar Arisɗo.

Littafin Siyasa kuwa bai shiga hannun waɗannan malamai ba. Ibn Rushd ya nema bai samu ba, ya yi sharhin na Aflaɗon a madadinsa. Wanda ya yi kasuwa a fadoji shi ne Sirrul Asrar, nasihohi da aka jingina wa Arisɗo na ƙarya wai ya aika wa Iskandar, cike da sirrin duba da magunguna. Babin nan na miƙa lissafi a gaban jama'a bai bi wannan ayari ba.

Manɗiƙi a ƙasar Hausa

Abin da ya ƙetaro Sahara shi ne ƙiyasi, hanyar haɗa magana biyu su haifar da ta uku dole. Duk garin da ke cikin Ƙaramar Hukumar Bosso yana Jihar Neja. Maikunkele na cikin Bosso. Ashe Maikunkele na Jihar Neja. Wanda ya yarda da biyun farko ba shi da mafita daga ta ukun. Amfanin ilimin ya fi fitowa wajen kama ƙiyasin banza. Ɓarawon gwamnati yakan gina gida. Wane ya gina gida. Ashe wane ɓarawo ne. Siffar ta yi kama da ta farko, amma natijar ba ta biyo ba, ko da wanen ɓarawon ne. Arisɗo ya ƙirga irin waɗannan zamba na hujja har 13.

Wajen 1492 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim Almagili, mutumin Tilimsan, ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya rubuta masa littafin nan a kan abin da ya wajaba ga sarakuna, wanda ya ƙunshi irin ma'aikatan da sarki ke buƙata da halattattun hanyoyin tara dukiyar baitulmali da kashe ta. Wannan daga fiƙihu ya ɗebo shi. Amma Almagili gwanin manɗiƙi ne, ya tsara shi a waƙe cikin Minahul Wahhab. Da ya ji Imam Suyuɗi na Masar ya hana karanta shi, sai ya aika masa baitoci yana kare shi da cewa gaskiya ba ta ɓaci don ta fito daga bakin wanda ba Musulmi ba, Suyuɗi ya mayar da amsa da baitoci, yana kan bakansa. Ahmad Baba na Tumbuktu, wanda ya adana wannan musaya, ya lissafa waƙar Almagili cikin littattafan da ya karanta a wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya san Ahalari, littafin tsarki da salla da ake farawa da shi kafin Ishmawi da Iziyya da Risala. Marubucinsa, Abdurrahman Al'ahdari na ƙasar Aljeriya ta yau, shi ne kuma ya tsara Sullam, waƙar manɗiƙi mai baiti 140 da 'yan kai, a shekara ta 941 ta Hijira yana da shekara 21. A ciki ya kawo saɓanin malamai a kan halaccin ilimin, ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali da ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna. Ummul Barahin ta Sanusi, littafin tauhidi da ya game Afirka ta Yamma, shi ma da rabe-raben hukuncin hankali yake buɗewa, wajibi da korarre da mai yiwuwa. Har abin ya kai wasu ɗalibai suna kafirta talakawan da ba su iya kafa hujja ba, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya rubuta littattafai da dama yana tsawata musu. Muhammadu Alkatsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1741, ya mayar da taƙaitaccen littafin manɗiƙi na Sanusi waƙa. Jikan Shehu, Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame, wanda ya rayu daga 1804 zuwa 1864, ya zarce manɗiƙi ya shiga tattauna ra'ayoyin masana falsafar kansu a rubuce-rubucensa.

A 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya isa Masenya, babban birnin Bagarmi a ƙasar Chadi ta yau. A can ya sadu da Faki Sambo, wani dogon Bafulatani makaho da ya yi karatu a Azhar. Malamin ya taɓa zama mai faɗa a ji a fadar Wadai zamanin Sarki Abdul'aziz, sai Sarki Muhammadu Sharif da ya zo baya ya kore shi saboda kusancinsa da wancan. Barth ya rubuta cewa ya karanta sassan Arisɗo da Aflaɗon da aka mayar Larabci, yana ma da kwafinsu na rubutun hannu, kuma wata rana ya tarar da shi zaune a tsakar gida cikin tarin littattafansa, yana shafa su da hannu.